Neman Sawun Samanja Braimah: Daga Legas Zuwa Kumasi

Sunan mutum ɗaya ne ya sa na ƙara kwana tara a kan tafiyar da asalinta ta biki ce. Ɗan yayar mahaifiyata, wanda ya shafe fiye da shekara 30 yana zaune a Kumasi, ya aiko cewa zai aurar da 'yarsa a watan Janairu, kuma ba zai karɓi uzurin kowa ba. Da na tashi shirin tafiya sai na tuna da wata gajeriyar sanarwa da na taɓa karantawa, wadda gwamnatin Ingila ta buga a jaridarta ta hukuma a 1874, tana bayyana dalilin da ya sa aka ba wani hafsa Bature, Reginald Sartorius, lambar Victoria Cross, wato lambar jarumta mafi daraja a sojan Birtaniya. Sanarwar ta ce a ranar 17 ga Janairun wannan shekara, lokacin da ake kai hari garin da suka rubuta Abogoo a ƙasar Asante, hafsan ya kutsa cikin ruwan harsashi ya ɗauko wani samanja Bahaushe da aka yi wa raunin ajali, ya kai shi inda harbi ba ya isa. An rubuta sunan samanjan, Braimah Doctor. Ba a faɗi garinsu ba, ba a faɗi sunan mahaifinsa ba, ba a kuma faɗi abin da ya kai shi gaban sahu har harsashi ya same shi ba. Braimah dai Ibrahim ne a bakin mutanen gaɓar teku, kuma tun ranar da na karanta wannan layi nake jin kamar an bar mini sallahu.

Saboda haka, maimakon in hau jirgi kai tsaye zuwa Gana, sai na sauka a Legas, domin a can labarin ya samo tushe. A 1863 wani hafsan sojan ruwa, John Glover, wanda ya san kogin Kwara tun lokacin da jirgin da yake ciki ya farfashe a kan duwatsu kusa da Jebba a 1857, ya tara wasu 'yan Arewa kaɗan, ya ba su bindiga da kayan sarki, ya mai da su dakarun tsaron mulkin da Ingila ta kafa a Legas shekara biyu kafin nan. Da yawa daga cikinsu bayi ne da suka tsere daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarabawa, mutanen da yaƙi da cinikin bayi suka raba da gida, waɗanda shiga soja ta zame musu mafakar da babu mai sake kama su ya sayar. Aka riƙa kiran su Hausawan Glover, kuma rundunar sojan ƙasa ta Najeriya har gobe daga wannan shekara ta 1863 take ƙirga shekarunta. Na yi yini guda a Obalende, unguwar da aka zaunar da sojojin Hausa a zamanin Turawa, ina kallon motocin haya masu ruwan ɗorawa suna cika suna tashi a ƙarƙashin gada, masu tsire da masu shayi suna ta ciniki da Hausa. Titin Glover yana nan a Ikoyi, akwai kuma zauren taro mai sunansa a tsakiyar tsibirin Legas. Su kuwa waɗanda suka saɓa bindigar, sunan jimla kaɗai ya rage musu.

Washegari na bi mota ta Seme, muka ratsa Kwatano da Lome, muka shiga Gana ta Aflao. Da la'asar muka ƙetare kogin Volta a gadar Sogakope, hazon hunturu ya lulluɓe ruwan har ba a iya bambance shi da sararin sama. Ƙasa kaɗan da nan, a inda kogin ke faɗawa teku, garin Ada yake, kuma a can Glover ya kafa sansani a 1873. Dalilin zuwansa shi ne rikicin Elmina. A 1872 ƙasar Holan ta miƙa wa Ingila duk wuraren da take riƙe da su a wannan gaɓa, har da Elmina, alhali Asantawa, waɗanda kakanninmu fataken goro ke kira Tonawa, suna ɗaukar Elmina a matsayin ƙofarsu ta zuwa teku, kuma sun daɗe suna karɓar kuɗi duk shekara daga hannun 'yan Holan a kanta. A farkon 1873 rundunar Sarki Kofi Karikari ta ƙetare kogin Pra ta nufo kudu a ƙarƙashin jagorancin Amankwatia. Ingila ta tura Janar Garnet Wolseley ya taso daga Cape Coast, ta kuma tura Glover ya tara mayaƙa a gabas ya shiga ƙasar Asante ta bayan gida, da Hausawansa na Legas da waɗanda ya ƙara ɗiba a nan gaɓar. Samanja Braimah yana cikin wannan runduna ta biyu.

A Accra, wadda Hausawan can ke kira Ankara, na sauka a Nima wajen wani abokin ɗan'uwana. Da safe muka sha koko da ƙosai a bakin titi, kokon gero mai yaji wanda duk Gana ta san shi da sunan Hausa, sannan ya kai ni in gai da wani dattijo maƙwabcinsa, tsohon soja wanda mahaifinsa ma soja ne da ya je yaƙin ƙasar Bama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Muka same shi a kan tabarma a ƙofar gida, carbi a hannu, ƙaramar rediyo a gefensa. Bayan mun gaisa na faɗa masa abin da nake bi. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ka san taken rundunarmu?" Na ce, "Sai ka faɗa, Baba." Ya ce, "Kullum Shiri. Da Hausa yake, tun zamanin Bature." Sai ya ƙara da cewa shi kansa asalinsa ba Bahaushe ba ne, kakansa daga ƙasar Gurunsawa ya gangaro, amma duk wanda ya fito daga Arewa ya shiga bariki, Bahaushe ne a idon Bature, domin da Hausa ake fareti, da ita ake ba da umarni, da ita ake zaman bariki. Wannan magana tasa ta dace da abin da tarihi ya tabbatar. A 1879 aka kafa rundunar tsaron wannan ƙasa da sojojin Hausa da aka kawo daga Legas, a 1901 ta zama cikakkiyar runduna, kuma a cikin sahunta akwai Barebari da Nufawa da Dagombawa da Mosawa da Zabarmawa, duk a ƙarƙashin suna ɗaya. Hafsoshin Turawa sai da suka koyi Hausa kafin su iya jan ragamarsu.

Daga Accra na wuce yamma zuwa Elmina, garin masunta mai warin kifi da gishiri, inda jiragen katako masu fenti kala-kala suka cika mashigin ruwa. Mafi yawan baƙi suna zuwa ne saboda babbar kagarar nan, wato gidan tsaro mai kaurin bango, wadda 'yan Fotugal suka gina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, da ɗakunanta na ƙasa inda aka tsare bayi. Na shiga, na fito jikina a sanyaye. Amma a wannan gari akwai wani tudu da ake kira Tudun Java, kuma sunan yana da dalili. Tsakanin 1831 da 1872 'yan Holan sun ɗebi samari 'yan Afirka fiye da 3,000 daga nan suka kai su tsibiran da suka zama Indunusiya a yau, domin su yi musu yaƙi. A 1837 suka ƙulla yarjejeniya da Sarkin Asante Kwaku Dua na Ɗaya har suka buɗe wurin ɗaukar kurata a Kumasi, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka ɗauka bayi ne 'yan Arewa, waɗanda aka fanshe su da kuɗin da daga baya ake cirewa a albashinsu. Mutanen Java, ɗaya daga cikin waɗannan tsibirai, suka sa musu suna Belanda Hitam, ma'ana baƙaƙen 'yan Holan. Wani kofur ɗan Elmina, Jan Kooi, ya sami lambar Willem, lambar soja mafi girma a Holan, saboda bajintar da ya nuna a yaƙin Aceh, wani yanki na waɗannan tsibirai. Waɗanda Allah ya nufa da dawowa, wasunsu a kan wannan tudu suka gina gidaje suka ƙarasa rayuwarsu. Na hau tudun da ƙafa cikin zafin rana, yara suna bina da gaisuwa, ina tunanin saurayin da aka kamo daga wani ƙauye a can Arewa, aka sayar a Kumasi, aka sa masa sunan Turawa, aka yi watanni da shi a kan teku, ya je ya yi yaƙi da mutanen da bai taɓa jin sunansu ba.

Kusa da kagarar akwai wani fili fetal. A nan tsohon garin Elmina yake kafin ranar 13 ga Yunin 1873, ranar da Ingila ta yi masa ruwan igwa ta ƙone shi saboda mutanensa sun goyi bayan Asantawa. A gumurzun da aka yi a wannan rana, sojojin Hausa suna nan, akwai kuma wasu baƙaƙen sojoji da labarinsu ya fi na kowa ɓacewa a wurinmu, wato rundunar Yammacin Indiya, wadda aka kafa a tsibiran Karibiyan a 1795. Tsakanin 1795 da 1807 sojan Ingila ya sayi bayi fiye da 13,000 domin cike sahun wannan runduna, da yawansu haihuwar Afirka ne. Daga baya aka riƙa turo su da 'ya'yansu da jikokinsu gadin gaɓar Afirka ta Yamma, bisa hujjar cewa zazzaɓin da ke karkashe Turawa ba ya kayar da su haka. Ɗaya daga cikinsu, Samuel Hodge ɗan tsibirin Tortola, ya sami Victoria Cross saboda abin da ya yi a Tubabecolong da ke Gambiya ranar 30 ga Yunin 1866, inda ya ɗauki gatari ya sari shingen garin ana harbinsa, ya ji munanan raunuka. Ya rasu a Belize a farkon 1868, aka binne shi a kabarin da babu alama a kansa.

Cape Coast ba ta da nisa da Elmina, kuma a kan bangon kagararta, tsakanin tsofaffin igwa da suka yi tsatsa suna fuskantar teku, na zauna ina tunanin wani mutum dabam, wanda shi hafsa ne cikakke. James Africanus Horton an haife shi a 1835 a ƙauyen Gloucester kusa da Freetown, mahaifinsa ɗan ƙabilar Ibo ne da aka kuɓutar daga jirgin bayi. Ya yi karatun likita a Landan da Edinburgh, ya gama a 1859, aka ba shi muƙamin hafsan likita a sojan Birtaniya, ya yi kusan duk aikinsa a barikokin wannan gaɓa. Yana cikin yaƙin Asante na 1863, wanda cutar ciki da zazzaɓi suka cinye sojojin Karibiyan a bakin kogin Pra cikin damina, yana kuma cikin na 1873. A tsakanin jinyar sojoji ya rubuta littattafai kan cututtukan ƙasar zafi, kuma a 1868 ya fitar da wanda ya ƙaryata masu cewa baƙar fata ba shi da basirar mulkin kansa, ya nemi a kafa jami'a a Afirka ta Yamma. Ya yi ritaya a 1880 da muƙamin babban likitan soja, ya rasu a 1883. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ƙofar da ya shiga ba ta daɗe a buɗe ba, domin a 1902 aka kafa hukumar likitocin gwamnati ta Afirka ta Yamma da sharaɗin cewa sai mai asalin Turawa zai shiga, kuma sai a 1942 aka ba wani ɗan wannan ƙasa, Seth Anthony, muƙamin hafsan yaƙi. A tsawon waɗannan shekaru, komai daɗewar baƙin soja a bakin daga, yana ƙasa da Baturen da ya sauko daga jirgi jiya.

Hanyar Kumasi tana rabuwa da ta gaɓar teku a Yamoransa, kuma kusan sawun Wolseley take bi. Na shiga ƙaramar motar haya da sassafe, a tsakanin wata mata mai kwandon kifi busasshe da wani ɗalibi mai barci. Muka ratsa Assin Manso da Assin Fosu, dazuzzukan da suka rage suna cuɗanya da gonakin koko da kwakwar manja. A nan ne mutum yake gane yadda aka tsara wannan yaƙi. Wolseley ya iso a watan Oktoban 1873, amma ya san sojojin Turawa ba za su jure wa ƙasar ba sai na makonni kaɗan cikin rani, saboda haka da suka iso a watan Disamba aka bar su a cikin jiragen ruwa suna shawagi a teku har zuwa farkon Janairu. Duk artabun da aka yi kafin nan, a Essaman da Abrakrampa da sauransu, galibin masu yin sa Hausawa ne da sojojin Karibiyan da mayaƙan da aka tara daga garuruwan gaɓar, tare da 'yan sojan ruwa kaɗan. Hanyar da aka sara daga teku zuwa kogin Pra, mai tsawon kusan mil 70 da gadoji 237, hannun 'yan ƙasa ne ya sare ta. Kowane buhun shinkafa da kowane akwatin harsashi a kan mutum ya tafi, kuma a cikin dubban 'yan dakon akwai mata masu goyo a baya da kaya a ka. Da 'yan dako suka fara gudu saboda wahala a watan Janairu, sai aka umarci sojojin Karibiyan su ajiye bindiga su ɗauki kaya, daga baya kuma aka bar yawancinsu tsaron hanya, aka wuce da Turawa gaba inda 'yan jarida irin su Henry Stanley da Winwood Reade suke biye da alƙalami.

A Praso na roƙi direba ya ba ni minti biyar. Ya ce, "Alhaji, yi sauri." Na sauka na tsaya a bakin gada ina kallon kogin Pra, ruwansa ja wur kamar kunun kanwa saboda haƙar zinariya da ake yi a gefensa. Wannan kogi shi ne iyakar ƙasar Asante a wancan lokaci. Daga nan hanya ta fara hawan tsaunukan Adansi, ta wuce Fomena, ta kusanci Bekwai, inda ƙauyen Amoaful yake. A can aka yi babban karo ranar 31 ga Janairun 1874. Labarin da ya shahara a Ingila shi ne na sojojin Sikotlan da suka shiga daji da busa, amma a tsakiyar sahunsu akwai ƙananan igwa na Kyaftin Arthur Rait, kuma masu harba su Hausawa ne da aka horar cikin 'yan watanni. Dajin ya yi duhun da mutum ba ya ganin abokin gaba sai hayaƙin bindigarsa, saboda haka sai an tura igwar har gab da inda Asantawa suka yi kwanto kafin a harba, wato mai igwar yana tsaye a fili ana auna shi. Da haka aka riƙa buɗe hanya taki bayan taki. Amankwatia ya faɗi a wannan rana. Ranar 4 ga Fabrairu Wolseley ya shiga Kumasi, bayan kwana biyu ya sa aka tarwatsa fadar da albarushi, aka cinna wa garin wuta, ya juyo da sauri saboda ruwan sama ya fara sauka.

Na isa Kumasi ana kiran sallar magariba, ɗan'uwana ya tarbe ni a kusa da kasuwar Kejetia ya kai ni gidansa a zango. Kwana uku aka yi ana biki, da waɗanda suka zo daga Tamale da Salaga da Yamai, ana cin tuwo da waken shinkafa, ana raba goro, ɗan itacen da tun farko ya kawo kakanninmu wannan ƙasa. Ko a cikin hidimar zuciyata tana kan rundunar Glover. Ta ƙetare Pra ta gabas a tsakiyar Janairu da 'yan ɗaruruwan Hausawa da Yarabawa, ta ci garin da Braimah ya faɗi, kuma matsowarta ta sa mutanen Juaben, ɗaya daga masarautun Asante, suka tsaya tsaron ƙasarsu maimakon su je Amoaful. Ta shiga Kumasi ranar 12 ga Fabrairu ta tarar da toka. Labarin isowar wannan runduna ta biyu yana cikin abin da ya sa Kofi Karikari ya aika manzanni da zinariya zuwa Fomena, inda aka tsara yarjejeniyar da ta ɗora wa Asante tarar oza 50,000 na zinariya. Sartorius kansa, da ya ratsa ƙasar abokan gaba domin ya sadu da Wolseley, Hausawa 20 ne suka raka shi. Da aka koma Landan, majalisa ta ba Wolseley kyautar fam 25,000, aka ba mutum huɗu Victoria Cross, dukansu Turawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba na rage wa Sartorius komai, domin wanda ya shiga wuta ya ɗauko ɗan'uwansa soja ya yi abin yabo, kuma ba don shi ba da ko sunan Braimah ba mu ji ba.

Bayan an kai amarya na tafi kagarar Kumasi, jan gini mai kaurin bango a tsakiyar gari, wadda Turawa suka gina bayan sun kama Sarki Prempeh na Ɗaya a 1896, yanzu kuma gidan tarihin sojan Gana ce. A farfajiya akwai tsofaffin igwa da motocin sulke, a ɗakuna akwai hotuna da makaman da sojojin ƙasar suka ƙwato daga Italiya a gabashin Afirka da kuma Japan a Bama. Wanda ya zagaya da mu ya buɗe wani ɗan ƙaramin ɗakin tsare fursuna, ya ce mu shiga ya rufe ƙofa na ɗan lokaci, duhu da zafin da muka ji suka sa kowa ya yi tsit. A shekarar 1900, wadda ta rufe wancan ƙarni, Gwamna Frederick Hodgson ya zo nan ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya, alamar sarautar Asante mafi tsarki a wurinsu, Asantawa suka tashi a ƙarƙashin Yaa Asantewaa, sarauniyar garin Ejisu, suka yi wa kagarar ƙawanya. Ranar 23 ga Yuni gwamnan ya fasa ya fita da mafi yawan masu ƙarfi, ya bar Turawa uku da sojojin Hausa sama da 100, yawancinsu marasa lafiya, da abincin da bai wuce na mako uku ba. Yunwa ta riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, ana binne su a ramukan da ke gefen bango, amma ba su buɗe ƙofa ba har James Willcocks ya iso da dakarun agaji, su ma baƙaƙe, ranar 15 ga Yuli. Na sa hannu a jikin bangon na daɗe ban ɗauke ba. Ɗan taƙi kaɗan daga nan akwai maƙabartar sojojin Birtaniya da suka mutu a wannan yaƙi.

Da daddare muna zaune a ƙofar gida sai wani maƙwabcin ɗan'uwana, malamin makaranta Ba'asante mai jin Hausa sosai, ya saurari labarina har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mutanen nan da kake nema, da hannunsu aka ƙone garin nan." Na ce masa gaskiya ya faɗa, kuma ba ni da abin da zan kare su da shi illa in ce yawancinsu bauta ce ta jefo su, kuma hannun da ya sayar da wasunsu ba na Bature ba ne. Ya amince da wannan, ya kuma tuna mini cewa idan ana lissafin baƙaƙen sojoji da hafsoshin wancan ƙarni, to a fara da waɗanda suka tsaya a ɗaya ɓangaren. Rundunar Asante tana da tsari cikakke, da 'yan leƙen asiri da masu share gaba da ƙirjin yaƙi da ɓangaren dama da na hagu da masu tsaron baya, kowanne da shugabansa, kuma ita ce ta kashe Gwamna Charles MacCarthy ta tarwatsa rundunarsa a 1824. Ya ce manyan mayaƙansu suna sa riga mai cike da layu, waɗanda malaman Musulmi mazauna Kumasi suke rubuta musu. Wannan ya tsaya mini a rai, domin ke nan a dajin Amoaful mai harba igwa da wanda ake harbi suna iya kasancewa da aya ɗaya a rataye a jiki. Na faɗa masa cewa mu ma abin ya iso mana, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Rundunar da Lugard ya kafa a 1897, wadda ta gaji Hausawan Glover, ita ce ta fasa ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, ta shiga Sakkwato ranar 15 ga Maris, da baƙaƙen sojoji masu jin Hausa da Turawa 'yan ƙalilan a kansu. Washegari ya raka ni fadar Manhyia ta Sarkin Asante, inda aka baje wasu kayan zinariya da aka kwashe a 1874, waɗanda gidajen tarihin Landan suka mayar a matsayin aro a 2024, shekara 150 bayan ƙone garin. Ya tsaya a gabansu hannuwansa a baya, bai ce uffan ba.

A hanyar komawa na bi titin Accra, na sauka a Juaso, na hau wata tsohuwar tasi zuwa Obogu, wanda shi ne Abogoo na takardar Turawa. Gari ne na manoman koko, an shanya 'ya'yan kokon a kan tabarmin gora a ƙofar gidaje, ƙamshinsu mai tsami ya cika iska, awaki suna kiwo a gefen kwata, 'yan makaranta suna dawowa gida cikin ƙura. Na yi tambaya aka nuna mini zango, na sami ɗan masallaci ana shirin azahar, na yi alwala na bi jam'i. Bayan an sallame na matsa kusa da liman, dattijo mai farin gemu, na gaishe shi na ce ina roƙon a yi wa wani mamaci addu'a, sunansa Ibrahim. Ya ce, "Ɗan'uwanka ne, Malam?" Na ce, "Allah gafarta Malam, soja ne, samanja, a garin nan aka harbe shi fiye da shekara 150 da suka wuce." Ya dube ni na ɗan lokaci, ya gyara zama, ya ce wa waɗanda suka fara miƙewa su dakata. Ya ɗaga hannu ya roƙa wa Ibrahim gafara da rahama, ya haɗa da duk Musulmin da ya kwanta dama a wannan ƙasa nesa da danginsa, ya roƙa wa garin da mutanensa zaman lafiya, muka shafa. Wani yaro ya kawo mini ruwa a kofin roba, na sha, na yi musu sallama, na koma bakin hanya ina jiran motar Juaso.